Gurbin da Kaka Ya Nuna wa Baƙo

Na san abin da ake faɗa muku a Tunuga idan an ambaci sunan Balkisa. Ana cewa ita ta sayar wa Nasara ruwan gidanmu, ta kwashi rabonta ta tafi Yamai. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai har mota aka ba ta. To ni ne ubanta, kuma a gabana aka yi komai, shi ya sa na ɗauki bik in rubuta da wannan hannun da bai saba ba. Lakwal aji biyu na yi, ina cikin na uku na tsere, mushe, wato malaminmu, kuma bai aiko a nemo ni ba, ku gane da kanku cewa mun rabu kowa na murna. Saboda haka duk inda kuka ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Maganar dai ba ta karkace ba.

Mu Sarkawa ne ta wajen uba. Kakanmu shi ne sarkin ruwa na wannan yanki na gulbi a zamaninsa, babanmu ya gaje shi, wana Gado kuma ya gaji babanmu. Yaya Gado mutum ne da zai dubi fuskar ruwa ya ce maka akwai giwan ruwa a ƙasa, kuma in an jefa taru a same ta. Ni kuwa da tsoron duk ruwan da ya wuce gwiwa aka haife ni. Babanmu ya gwada duka, ya gwada lallashi, ya gwada rubutun sha, daga ƙarshe ya ce wannan ɗan na tudu ne, a bar shi. Na zo Gaya na maƙale a tasha na zama ɗan kwamisho, ina haɗa mai kaya da mai kamiyo, wato babbar motar kaya. In yi wa direba ƙarya kaɗan, in yi wa mai albasa ƙarya kaɗan, kowa ya tafi yana sa mini albarka. Da wannan na ci, da shi na yi aure, da shi na sa Balkisa lakwal har ta kai inda ni ko ƙofarsa ban sani ba.

Abu ɗaya ne na ruwa da ban tsere masa ba. Gidanmu na riƙe da wani gurbi, wato wuri mai zurfi a cikin gulbi inda manyan kifi ke kwanciya da rani, inda ayu ke haihuwa. Ba a jefa taru a can, ba a nuna wurin da yatsa, ba a ambatonsa a kasuwa. Kifin da ake kamawa daga Tunuga zuwa ƙasa, yawancinsa a can yake hayayyafa, in aka taɓa wurin kowa zai ji a tukunyarsa. Uba ne ke nuna wa ɗansa namiji, sau ɗaya, ranar da ya ga hankalin ɗan ya zauna. Sai ya sa shi ya tsoma hannu cikin ruwa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba sai nasa ɗan. 'Ya'ya mata ba a gaya musu ko da cewa akwai shi, wai don gidan wasu za su. Babanmu ya kai ni kafin in bar gida, ina manne da gefen jirgi kamar kaska, ina amai. Har yau ban san abin da ya gani a jikina ba. Na tsoma hannu na rantse. A tasha na yi rantsuwa fiye da gashin kaina, yawancinsu kafin la'asar sun narke, amma wannan ta zauna.

Shi baƙo kuma akwai yadda ake yi da shi. Ba a ce masa a'a, rashin kunya ne. Ba a kuma nuna masa gaskiya. Sai a ɗauke shi a jirgi cikin girmamawa, a kai shi wani wuri daban, a rage murya a ce ga shi nan. Wannan muke kira gurbin baƙo. Kuma ƙa'ida ce ba ka kai baƙo ruwan wani gida. Cikin naka ruwan za ka nuna masa, don in wata fitina ta biyo sawunsa ta sauka a kanka, ba a kan maƙwabci ba. A zamanin kakanmu wani Nasara ya zo da akwatin hoto da tafinta yana tambayar inda ayu ke haihuwa. Kaka ya sa aka janye jirage tun asuba, ya kai shi Bakin Tsamiya, wurin da gidanmu ke su kowace safiya ta Allah. Nasara ya cire hula, ya ɗauki hoto, ya yi rubutu, ya yi godiya. Mu maza da aka kai gurbi, idan muka haɗu muka tuna wannan cire hular, sai mu yi dariya har hawaye.

Balkisa aikin ordinatar, wato kwamfuta, ta karanta a Yamai, irin na masu ƙera abubuwan da ke cikin waya. A shekarar da nake ba ku labari ta dawo Gaya ta zauna wajenmu tana wani aiki nata na kanta, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Na tambaye ta me take dannawa haka tun safe har tuwo ya huce. Ta ce a ƙasashen Nasara akwai manyan gidaje da ake ajiye littattafai da tsofaffin takardu da hotuna da kayan tarihi, da yawa daga nan ƙasarmu aka kwashe su. Kowane abu yana da ɗan bayaninsa: mene ne shi, wa ya ɗauko shi, daga ina, a wane zamani. Yanzu sun buɗe waɗannan bayanan, kowa na iya ɗauka ya yi aiki da su ba sai ya nemi izini ba. Kayan suna can, bayanin ne ke yawo. Na ce ashe alamar da muke rubutawa a jikin buhu ce. Ta ce ita ce. Na ce to na riga ki shiga wannan sana'ar, don na sha ganin buhun albasa ya tafi Kwatano alhali Dosso za shi, saboda an yi masa alama ba daidai ba, kuma ban taɓa jin buhu ya buɗe baki ya ce ba can za ni ba.

Abin da ta ƙera shi ne wani ɗan aike marar ƙafa. Kullum zai shiga waɗannan gidaje ya tattaro duk bayanin da ya ambaci ƙasarmu, daga Karakara da Zabori har bakin gulbi, ya jera su a kan taswira cikin waya. Ka taɓa gari sai ka ga abin da aka taɓa ɗauka a can. Burinta yaran lakwal su san garinsu yana da jiya. Kada ku tambayi yadda na yi da wannan abu a tasha. Duk direban da ya tsaya sai na tare shi da waya, in nuna masa jirgin fito na zamanin da ba a yi gada ba, in ce ɗiyata ce ta ƙwato shi daga hannun Nasara. Mai shayi ya ce in ban daina ba zai fara sa mini kuɗin benci.

Wata rana da hantsi ta kawo mini ordinatar inda nake zaune a ƙofar gida, ta nuna mini wani ɗigo a kan gulbi.

"Baba, dubi wannan. Bakin Tsamiya, kusa da Tunuga. An rubuta wai gurbi ne mai tsarki, ba a su a cikinsa, nan ayu ke haihuwa. Ba ruwan su Baba Gado ba ne?"

Dariya ta kama ni har da tari. Ƙaryar kaka ce ta tafi ƙasar Nasara ta kwana shekara da shekaru a cikin akwati, ga ta ta dawo cikin waya tsaf da ita, ko ƙura babu. Balkisa ta tambayi abin da ke ba ni dariya, na ce wani abu na tuna. Ta ce ai ita ta ga ana su a wurin da idonta lokacin da take zuwa hutu. Na ce zamani ne ya canza. Haka aka koya mini in amsa, haka ubana zai amsa, haka kuma Yaya Gado zai amsa da shi ta tambaya. Ɗigo ya zauna inda yake. Da ta gama aikin sai ta bar nata ma a buɗe, ta ce a buɗe ta same shi, ba za ta zama ita ce mai sa kwaɗo ba.

Da rani ya zagayo sai wani foroje ya sauka, irin aikin nan da ƙungiyoyi ke kawowa na 'yan shekaru, na masu kare dabbobin ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya naɗe tabarmarsa ya tafi, abin da ya kafa ne ya rage. Su ma suna da nasu masu ordinatar a can wani buro, wato ofis, mai sanyi, an sa su fitar da wuraren da za a rufe a gulbi don ayu ya huta. Ba su taka ruwa ba. Bayanan da ke buɗe suka kwaso, har da na Balkisa, suka zuba a tasu taswirar, ta fitar musu da Bakin Tsamiya da jan launi. Suka zo da farar mota da turakan ƙarfe da wani allo mai zanen ayu yana murmushi. Daga gindin tsamiya har kwanar ƙasa, duk ruwan gidanmu, aka ce ba su, ba taru, ba mamari, ba gura. Aka ɗauki masu gadi. A makon farko suka ƙwace tarun Sule, babban ɗan Yaya Gado, magidanci mai iyali.

Muka tafi Tunuga ni da Balkisa, aka zauna da safe a gindin tsamiyar. Shugaban forojen ɗan ƙasarmu ne, mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, ba zan ɗora masa muguntar da ba tasa ba. Mutane suka ce masa wurin nan tun kakanni ake su a cikinsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ayu a nan ko a mafarki. Ya buɗe ordinatar ya nuna wurare uku daban-daban da suka faɗi magana ɗaya. Balkisa ta matsa ta duba, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce masa ukun nan ɗaya ne: ita ta ɗauko daga gidan ajiyar Nasara, na biyu ya ɗauka daga wajenta, na uku ya ɗauka daga na biyu. Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan aikin tasha ne, in faɗi magana, mai shayi ya maimaita, mai faci ya maimaita, a ce an samu shaidu uku. Ya yi murmushi ya ce ya gane. Amma shi ba zai koma wa manyansa da baki kawai ba. Takarda ta ce akwai gurbi a yankin nan. In ba nan ba ne, a nuna masa inda yake, shi kuma ya yi alkawari zai tumɓuke turakan ya mai da su can, a buɗe mana ruwanmu.

Kowa ya juya ya dubi Yaya Gado. Ya daɗe yana murza gemunsa.

"Yaro, a nan na ga ubana yana su, a nan nake su. Abin da ka tambaya ba ni da amsarsa."

Daga nan taro ya watse. A hanyar komawa na san Balkisa ta haɗa dariyata ta rannan da shirun baffanta, ta fitar da amsa. Yarinya ce mai lissafi.

Ta yi duk abin da ɗan Adam zai iya yi, ku rubuta wannan a zuciyarku. A ranar ta goge ɗigon daga taswirarta. Washegari ɗan aikenta ya tafi kamar yadda ya saba, ya sake ɗauko shi ya mayar, sai da ta toshe masa hanya. Ta rubuta wa waɗanda suka kwafa daga wajenta, wasu suka amsa, wasu ba a ma san su wane ne ba. Ta rubuta wa gidan ajiyar Nasara. Suka amsa da ladabi mai yawa, suka gode mata, suka ce su ba sa goge abin da mai ɗaukar hoto ya rubuta da hannunsa, don shi ma tarihi ne. Amma in ta kawo musu wurin gaskiya, ko maganar wani dattijo da sunansa, za su ƙara a ƙasa. Kowace ƙofa ta ƙwanƙwasa, tambaya ɗaya ce ke leƙowa: to ina yake?

Ruwan da ya rage a Tunuga duk da masu shi. Ba ka shiga ruwan wani gida sai dai a ɗauke ka haya, kuma jikokin sarkin ruwa ne za a ɗauka haya su ja wa wani taru. Wasu daga cikin yaran suka haɗiye suka yi. Sule ya kasa. Ya zo ya same ni a tasha da tsakar rana, ina tsakiyar raba faɗa tsakanin direba da mai doya. Ya ce ubansa ya ƙi kai shi gurbi, ya ƙi faɗa wa foroje, ya ƙi komai, yana zaune yana ɗinkin tarun da ba za a jefa ba. Na ja shi inuwa na saya masa shayi, na fara 'yan barkwancina, na ce ni da ko wanka a bokiti sai na yi addu'a, ina ni ina sanin gurbi. Bai yi dariya ba.

"Baba Alu, an kai ka. Kowa ya san an kai ka. Kai kana cin tuwo a tudu, 'ya'yana ne ke riƙe muku rantsuwar."

Ya ajiye shayin bai sha ba ya tafi.

Na tafi wajen Yaya Gado. Na same shi a zaure da taru a cinya. Na zagaya, na zagaya, na yi maganar farashin gero, sannan na ce ko akwai yadda malamai za su warware irin wannan rantsuwa in larura ta zo. Ya ce ba rantsuwar ce ta dame shi ba. Ya ce in tuna jiragen inji da ke zuwa daga nesa da tarun da ko ɗan yatsa ba ya wucewa ta idonsa. In wurin ya hau waya, kafin masu gadi su gama karin kumallo an kwashe shi, foroje kuma shekara nawa zai yi? Ranar da ya tafi, turaku ne za su zama alamar da ke cewa ku zo nan. Sannan ba gidanmu kaɗai zai ji yunwa ba, har ƙetare za a ji. Na ce to ya kai Sule gurbin mana, ai ya isa. Ya ce Sule na cikin ƙunci, in ya sa shi rantsuwa yanzu ya zalunce shi, sai abu ya lafa. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni.

"Alu, kaka ya nuna ruwanmu ne don in fitina ta zo ta sauka a kanmu. Ga ta ta sauka. Jinkiri kawai ta yi a hanya."

Wadda ta fi mini wuya ita ce Balkisa. Bayan la'asar ne, uwarta ta tafi suna, mu biyu ne a tsakar gida. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerata, abin da ta daina yi tun tana ƙarama. Ta ce ba ta neman in gaya mata ita. In gaya wa shugaban foroje shi kaɗai, ita za ta tsaya ta ga ba a sa wurin a taswirar da kowa ke gani ba, akwai yadda ake ɓoye irin wannan, a nuna yanki kawai ba a nuna ɗigo ba. Ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma na yarda ta san aikinta. Na tambaye ta mutum nawa ne za su gani a buro kafin a ɓoye. Ta ce kaɗan. Na tambaye ta in forojen ya tashi, wa zai gaji ordinatocinsa. Na ce ke da bakinki kika gaya mini kin goge ɗigo da yamma, da safe ya dawo. Na ƙarya ma ke nan ya ƙi fita. In na gaskiya ya shiga, wa zai fitar da shi?

"Baba, a Tunuga ana cewa ni na kashe gidan."

"Na ji."

"Kalma ɗaya daga bakinka ta wanke ni."

Na ce mata ba zan iya ba. Ban yi mata wasa ba, ban kawo labari ba, ban kewaya ba, wataƙila shi ne karo na farko da ta ji ubanta ya ba da amsa gajera. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta shiga ɗaki. Ina da ɗiya ɗaya da ta yi karatu, ina da rantsuwa ɗaya da na riƙe, aka ce in zaɓa. Ku da kuke karantawa kuna iya cewa na zaɓi ba daidai ba. Ni ma wasu ranakun haka nake cewa, wasu ranakun a'a.

Abin bai lafa ba. Gidan Yaya Gado ya watse a hankali, kamar yadda kasuwa ke watsewa, ba ka ganin lokacin da aka tashi sai ka ga rumfuna. Sule ya sayar da jirginsa ya ƙetara Malanbil yana kabu-kabu. Ƙannensa ɗaya na sayar da esansi, wato fetur, a kwalba a hanyar Kamba, ɗaya ya bi kamiyo. Matan da suka saba banda kifi suna kaiwa kasuwa suka koma sayen na wasu suna soyawa. Yaya Gado bai yi wata doguwar jinya ba. Damina biyu ya gani bayan turakun, ta biyun bai ga ƙarshenta ba. Sule yana ƙetare lokacin, kuma ba su shirya ba, saboda haka ba a kai shi gurbi ba, ba a kai kowa ba.

A wajen zaman makoki Balkisa ta shiga cikin gida ta yi gaisuwa. Matan da suka goya ta suka amsa mata da ka, wata ta janye tabarma. Wata tsohuwa ta ce a bar ta ta zauna mana, wataƙila ta zo ɗaukar bayanin gawar ne ta sa a waya. Ina waje cikin maza, aka zo aka gaya mini. Ba wanda ya janye mini tabarma ni. Ni ɗan gida ne mai riƙon amana, har ana nuna ni. Da muka dawo Gaya ta haɗa kayanta. Na raka ta tasha, tashar da nake sarauta, na sama mata kujerar gaba. Kafin mota ta tashi ta leƙo ta taga.

"Kun ajiye ni a waje da sirrinku, Baba, sannan kuka sa ni a tsakiyar laifinsa."

Tana aiko mana da saƙo, tana kira ranar salla, tana tambayar ƙafata. Gaya dai ba ta sake kwana ba. Taswirar tata ma ta rufe ta, yaran lakwal ɗin da ta yi wa ba su gan ta ba. Na waɗanda suka kwafa suna nan suna yawo.

To ga abin da nake so ku riƙe. Balkisa ba ta sayar da komai ba, ba a ba ta ko allura ba. Alamar da ta samu a jikin buhu ita ta karanta, kuma kakanmu ne ya rubuta alamar, da gangan, da kyakkyawar niyya. Nasara ya adana ta da amana. Masu foroje suka yi aiki da ita da tausayi. Na duba ko'ina in sami mugu ɗaya a cikin labarin nan in tsine masa in huta, ban samu ba.

Na san wasunku sun kai nan suna sauri, suna zaton tsoho zai rubuta wurin a ƙarshe. Ni ba ni da ɗa namiji da ya san ruwa, Sule kuma da na aika masa ya zo mu yi magana, ya ce a gaya mini ya bar ruwa ga masu rantsuwa. Bara da rani na ce bari dai in je in ga wurin da idona, ko don in san abin da na saya da ɗiyata. Na ɗauki hayar jirgin wani Badande daga ƙetare wanda bai san ni ba, na ce ya zagaya da ni, likita ya ce in sha iska. Na manne da gefen jirgi kamar wancan karon. Babanmu da abu uku ya nuna mini wurin: wata giginya a gaɓa, wani suri, da inda ruwa ke juyawa. Giginya babu, an sare ko ta faɗi. Gaɓar ma ruwa ya cinye ta, yashi ya tashi a inda na san zurfi, burgu ya rufe inda na san fili. Na sa shi ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Nan ne, ko can gaba kaɗan, ko mun wuce shi tun ɗazu. Sau ɗaya aka kai ni, ina yaro, ina amai.

Mai jirgi ya gaji ya ajiye filafili.

"Baba, in wani abu kake nema ka faɗa mini. In gurbin ayu ne ba nan yake ba, yana can sama wajen Tunuga, Bakin Tsamiya. Ga shi ma a wayata. Akwai allo, baƙi na zuwa ɗaukar hoto."

Na dubi ruwan, iri ɗaya ne ta ko'ina.

Na ce masa to, kai ni in gani.